Jaka Biyu da Aka Hana Kwancewa

Wata rana na raka 'yar yayana jami'a, ranar da sababbin ɗalibai ke kama ɗaki.

Sunanta Barira. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta samu gurbin karatu a wajen garinmu Kaduna. Haɗa magunguna aka ba ta, abin da take mafarki tun tana ƙaramar sakandare.

Sai dai uban bai so tafiyar ba.

Yaya Sabi'u irin mutanen nan ne da ko mai gyaran famfo ya shigo gidansa, sai ya san sunan kakansa kafin ya taɓa famfon.

Mun sha wahala kafin ya yarda. Da ya yarda ɗin ma, sai ya kafa sharaɗi.

Ya ce, "Kubura, ke za ki kai ta. Ki duba mini su wa za ta kwana da su a ɗaki ɗaya. 'Ya'yan su waye, daga ina suke, mece ce aƙidarsu, me suka zo karantawa. Ni ba zan tura yarinya da tarbiyya ta dawo mini da wata ba."

Na ce to, Yaya.

Ya ce, "Kada ta kwance jakarta sai kin gamsu. Zan kira ki da la'asar. In hankalinki bai kwanta ba, ku juyo a motar da kuka je. Karatun ya ƙare ke nan."

Barira tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai.

Ba banza ya zaɓe ni ba. A gidanmu an san ni da bin diddigi. Ni ba na yarda da mutum a ganin farko, a na biyu ma sai na yi shawara.

Kuma kafin tafiyar, babu muryar da ban saurara ba a guruf ɗin waya na matan unguwarmu. Wai akwai mata masu zuwa masaukin ɗalibai su dasa yarinyarsu a ɗaki, ita kuma ta riƙa jan 'ya'yan mutane tana kai wa manyan gari.

Gaskiya ne ko ƙarya, oho. Ni dai na haddace.

Mun isa da hantsi. Ɗakin a hawa na biyu yake, gado huɗu, taga ɗaya.

Barira ta ajiye jakarta ta kai hannu kan zif.

Na ce, "Cire hannunki."

Ta cire.

Ta farko da muka tarar sunanta Intisar, daga Kano. Akwatuna masu taya, turare kamar an fasa kwalba, waya a kunne tana yi wa uwarta ƙorafin katifa.

Na bari ta gama, sannan na fara aikina.

"'Yan mata, 'yar wace unguwa ce? Me Abbanki yake yi? Me kika zo karantawa?"

Ta ce likita ta nema, aka ba ta ilmin tsirrai. "Amma Abba ya ce in yi shekara ɗaya kawai, zai sa a gyara."

Na hango sallayarta a kan akwati, sabuwa fil, ko karyewar shago ba ta sake ba.

Na ce a raina, wannan shagwaɓa ce ke damunta, ba cuta ba. Za a iya zama da ita.

Ta biyu ta shigo da bokiti da katifa a naɗe. Tana ganina ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Anti."

Rifkatu, daga Zuru. Lauya take son zama. Babanta tsohon malamin firamare ne, yana ƙasa yana gadin sauran kaya. Ga ɗan gicciye a wuyanta, ga Hausa a bakinta wadda ta fi tawa tsabta.

Na ce a raina, to, Yaya Sabi'u, ga abin da kake tsoro ya iso.

Ba ta ko zauna ba ta ce, "Anti, don Allah ina ne gabas a ɗakin nan?"

Na gyara zama.

"Me za ki yi da gabas?"

"Don kada in jera bokitina da takalmana a inda za su yi salla. A gidan kakanmu rabi masallaci suke zuwa, rabi coci. Mun saba."

Na nuna mata. Ta kwashe kayanta ta mayar ɗaya kusurwar.

Ku ce na ji daɗi? Na ji. Amma wata zuciyar ta ce, ladabin nan bai yi yawa ba kuwa? Ci gaba da sa ido, Kubura.

Na ɗaga waya na ɗauki hoton ɗakin da gadajen, don in nuna wa Yaya.

Ina cikin haka masu gado na huɗu suka iso.

Mace ce siririya, ba za ta girme ni ba. Hijabi shuɗi da ya sha wanki, takalmin roba, ƙatuwar jakar bakko a ka.

A bayanta, can nesa, wata yarinya doguwa tana tafe da kai a ƙasa.

Yadda suka shigo, sai ka rantse a bakin ƙofa suka haɗu.

Matar ta yi sallama, ta sauke jakar kusa da gado, ta hau kai ta zauna. Yarinyar ta rakuɓe a gefen gadon.

Ba su kalli juna ba.

Na ce, "Sannunku da hanya. Daga ina?"

Matar ta ce, "Daga nesa."

Daga nesa! Kamar na tambaye ta sirrin gidansu.

Na ce, "'Yarki ce?"

"A'a. Ta gidanmu ce."

"Yaya sunanta?"

Ta kalli bango. "Ga ta nan, tana da baki."

"Me za ta karanta?"

"Su suka sani."

A nan na fara zarginta.

Wace irin mace ce za ta ɗauko yarinya tun daga nesa, ba ta san me za ta karanta ba, ko sunanta ta kasa faɗa?

Na juya kan yarinyar.

Muryarta can ƙasa. Hansatu. Daga wani ƙauye a bayan Maigatari. Babanta noma da kiwo. Likitancin dabbobi aka ba ta, kuma shi ta nema.

Na ce, "Mace da likitancin dabbobi? Ke za ki kayar da bijimi ki yi masa allura?"

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ina kayarwa tun yanzu, Anti."

'Yan ɗakin suka yi dariya. Matar ko gezau.

Na ce, "Wannan fa, wace ce a wajenki?"

Hansatu ta ƙara sunkuyar da kai. "Adda ce."

Adda. Wato yaya.

To, ɗazu ta gidansu ce, yanzu kuma yaya da ƙanwa.

Can baban Rifkatu ya hawo da sauran kaya. Dattijo mai fara'a, ya gaisa da kowa. Ya dubi matar ya ce, "Madalla, ke ma kin kawo taki?"

Ta ce, "Rakiya aka ce in yi."

Magana uku ke nan a kan yarinya ɗaya, kuma ko azahar ba a yi ba.

Daga nan na daina kallon Intisar, na manta da Rifkatu. Idona ya koma kan matar nan gaba ɗaya.

Kuma duk abin da na gani sai ya ƙara mini zargi.

Ba ta yi wa yarinyar magana kai tsaye. Sai ta kalli taga ta ce, "Mutum ya gyara ɗankwalinsa."

Hansatu ta gyara.

"Mutum ya sha ruwa."

Hansatu ta sha.

Kamar mai ba da umarni ga wanda ta saya.

Ƙaramar wayar yarinyar ma tana hannun matar, a ƙulle a bakin zane.

Barira ta buɗe ledar cincin ta miƙa wa kowa. Hansatu ta kawo hannu ke nan, matar ta ce wa bango, "Mutum ba ya jin yunwa."

Hannun ya koma.

Ga jakar nan kuma. Ba ta tashi daga kanta ba ko sau ɗaya. Wani wari-wari yana fitowa daga ciki, na kasa gane ko na mene ne.

Intisar ta ce, "Mama, ga loka can, ku zuba kayan mana."

Ta ce, "Ba yanzu ba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kallon da take yi mini. Duk inda na juya, idonta yana kaina. Da na ɗaga waya, sai ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta gusa ta kare yarinyar.

Na ce a raina, mai gaskiya ba ya tsoron hoto.

Aka kira azahar. Rifkatu ta ɗauki littafinta ta fita baranda ba tare da kowa ya ce mata komai ba.

Na yi sallata, amma Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana gefe.

Matar ta yi tata a kusurwa. Salla ce irin tamu, babu abin da za ka ce. Sai dai Hansatu ba ta tsaya kusa da ita ba. Sai da matar ta sallame ta naɗe ɗankwalin da ta shimfiɗa, sannan yarinyar ta tayar da tata.

Ko sahu ba sa haɗawa.

Na ja Barira waje.

Na ce, "Ki shirya, ina jin komawa za mu yi."

Idonta ya kawo ruwa nan take.

"Gwaggo, don girman Allah. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga jami'ar nan. In na koma yau, kin san Abba ba zai sake bari ba."

"Na sani."

"Hansatu ba ruwanta, wallahi. Ki dube ta mana."

"Yaushe kika san ta? Irinsu ake zaɓa ai, masu fuskar salihai."

Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Yarinyar da na goya, na yi wa kitso, na raka islamiyya. Tausayinta ya kama ni har cikin raina.

Amma na tuna amana aka ba ni.

Na ce, "Koma ciki. Kada ki taɓa zif ɗin jakar nan."

Rana ta fara yin sanyi. Direban da ya kawo mu ya aiko a tambaya ko mun gama.

Na yanke shawara. Zan je wajen matar da ke kula da masaukin in faɗa mata abin da na gani. In za ta fitar da su daga ɗakin, Barira ta zauna. In ba za ta iya ba, mu kama hanya.

Ina shirin tashi, sai matar ta riga ni miƙewa.

Ta kalli taga ta ce, "Mutum ya zauna a kan kayan nan, kada ya tashi."

Hansatu ta koma kan jakar. Matar ta fita.

Na ce alhamdu lillahi, yanzu zan ga wanda ya aiko ta.

Na bi bayanta a hankali. A raina na riga na hango baƙar mota mai baƙin gilashi tana jiranta a bakin get.

Ta sauka daga bene. Ba ta nufi get ba.

Ta tsayar da wata ɗaliba ta yi tambaya, aka nuna mata wata ƙofa.

Ofishin mai kula da masaukin.

Inda ni ma za ni.

Ƙofar a rufe take, an ce ta fita salla. Akwai benci a bakin ofishin. Matar ta zauna a wannan ƙarshen, ni ma na zauna a wancan.

Muka zuba wa ƙofar ido kamar masu jiran likita.

Ni ce na kasa haƙuri.

Na ce, "Ke ma wajenta kika zo?"

"E."

"Lafiya?"

"Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

Ta juyo ta dube ni ido cikin ido.

"Taki."

Jama'a!

Ni? Kubura? Ni da na zo tsare 'yar mutane?

Na ce, "Baiwar Allah, me na yi miki?"

Ta ce, "Tun da muka shigo kike tambayar 'yan mata garinsu da sana'ar iyayensu. Kina ɗaukar hoto a waya. Yarinyar da kika zo da ita ba ke kika haife ta ba, na ji tana ce miki Gwaggo. Kin hana ta kwance kaya, kin ja ta waje ta dawo tana kuka. An gaya mana irinku tun a gida. Masu zuwa su zaɓi 'ya'yan mutane su kai wa masu kuɗi."



Wallahi kuwa duk abin da ta lissafa na yi shi.

Sai zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "To ni ma ƙararki na kawo! Kin ce ta gidanku ce. An ce ƙanwarki ce. Kin ce rakiya kika yi. Ba kya kallonta, ba kya yi mata magana, ko sunanta kin kasa faɗa. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, wace ce yarinyar nan a wajenki?"

 Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

Can ta ce, "Kina da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"Na farin, kina kiran sunansa?"

"Har da ihu."

Ta ce, "To mu ba ma kira."

Sai a lokacin na gane.

'Yar fari.

Hansatu 'yarta ce ta cikinta, ta fari, kuma kunyar ɗan fari ce ta hana ta faɗa.

Nan take na tuna kakarmu. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babanmu a bakinta ba. "Wancan mutumin" take ce masa. In ya shigo gaishe ta, sai ta juya tana yi wa kaji magana.

Na san al'adar sarai. Na ɗauka an binne ta tare da su Kaka ne.

Mu da muke ɗora hoton ɗan fari a waya kowace Juma'a, muna rubuta masa kirari, ina za mu tuna?

Na sake kallon matar da kyau. Ga dogon wuyan, ga wushiryar, ga yadda take sunkuyar da kai. Hansatu ce sak.

Tun safe kamannin suna gabana. Ban gani ba, don laifi nake nema.

Ta ci gaba da magana, idonta a ƙasa.

"Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta. Ita ta raine ta. Da tana raye ita za ta kawo ta, bara ta rasu. Uban ba shi da mai tsare masa dabbobi. Ni ban taɓa jerawa da ita a hanya ba sai yau."

Na ce, "To jakar fa? Me ya sa kika zauna a kai?"

Ta ce, "Uban ne ya ce kada a kwance sai na ga su wa za ta zauna da su. In ban gamsu ba, in koma da ita."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na yi ta yi har da hawaye, ɗalibai suna wucewa suna kallona.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "'Yar'uwa, sharaɗin da aka ba ki shi aka ba ni. Uban tawa yayana ne. Jakarta tana can a ɗaure kamar taku."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ofishin. Sai ta sa bakin hijabi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Amma kun san hali. Sai da na ƙara gwada ta.

Na ce, "Da gaske ba ki san me za ta karanta ba?"

Ta kalli wata bishiya can gefe.

"Shekarar da ciwo ya shiga garkenmu, muna kallo shanu suka yi ta faɗuwa. Kafin a samo mai allura daga birni, rabi sun tafi. Ranar mutum ya ce shi zai karanta abin. Yana ƙarami a lokacin, aka yi ta yi masa dariya."

Ta ɗan tsaya.

"An ce shekara shida ake yi. An ce duk makarantarsu babu wanda ya kamo ƙafar mutum."

Ta san komai. Faɗa ne ba za ta yi ba, don a wajensu uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban mutane.

Amma na ji yadda muryarta ta yi rawa a kan kalmar "mutum" ɗin nan.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara.

Yaya Sabi'u.

"Kubura, ina jin ki. Su waye?"

Na ce, "Yaya, na bincika. Ɗaya 'yar Kano ce, shagwaɓaɓɓiya, amma ba ta da mugunta."

"Uhm."

"Ɗaya Kirista ce daga Zuru."

Ya yi gyaran murya.

Na ce, "Ta riga 'yarka tambayar inda gabas take, don kada ta ajiye takalmi a wajen salla."



"Ta ukun fa?"

"Ta ukun 'yar makiyaya ce, likitan dabbobi za ta zama. Uwarta tana nan kusa da ni. Ta hana a kwance jaka sai ta san su wa ke ɗakin. Yaya, matar nan ta fi ka bincike. Yanzu haka a bakin ofis muke, ƙarata ta kawo."

"Ƙarar wa?"

"Tawa."

"Ke Kubura?"

"Ni. Wai ban yi mata kama da mutanen kirki ba."



Can ya ce, "Matar da ta iya zarginki, ba za ta bar ɓaraka kusa da 'yarta ba. Gidan mutunci ne. Ki ce wa Barira ta kwance jakarta."

Muka koma sama tare, ni da matar, kafaɗa da kafaɗa. Mai kula da masaukin har yau ba ta san ƙara biyu sun zo ƙofarta sun koma ba.

Muna shiga na ga Barira zaune a kan jakarta, Hansatu zaune a kan tata. Dukansu idanu sun yi ja.

Na ce, "Barira, buɗe."

Ta yi tsalle ta rungume ni har na kusa faɗuwa.

Matar ta kalli taga ta ce, "Mutum ya kwance kayansa."

Hansatu ba ta yi tsalle ba. Ta dai durƙusa ta fara kwance igiyar jakar.

Warin da ya dame ni tun safe? Daddawa ce, da man shanu a kwalba, da kuka, da dambun nama a ƙullin leda.

Intisar da ke toshe hanci ɗazu, ita ta fara kai hannu kan dambun.

Da muka tashi tafiya na ce wa matar ta zo mu sauke ta a tasha.

Ta kwance wayar daga bakin zane ta ajiye a kan gado, ba ta miƙa hannu da hannu ba.

Ta dafa Rifkatu, ta dafa Intisar. Sannan ta kama hannun 'yar yayana ta riƙe.

"Barira."

Sunan 'yar wani ya fito a bakinta raɗau.

"Barira, ga ta nan."

Sai ta juya wa gadon baya, ta ce wa bango, "Mutum ya riƙe salla. Ya riƙe abin da ya kawo shi."

Hansatu ta ce, "To, Adda."

Shi ke nan sallamarsu. Babu runguma, babu kallo.

Ni kuwa na rungume tawa na yi kuka na more.

A mota matar ta zauna a gefen taga, ta miƙe wuya tana kallon gaba. Muka wuce masallaci, muka wuce ɗakunan karatu, ba ta waiwaya ba.

Sai da muka zo daidai get.

Ta juya a hankali ta kalli benen, can hawa na biyu, inda wata doguwar yarinya ke tsaye a taga.

Na ga leɓɓanta sun motsa. Kalma ɗaya, babu sauti.

Na kawar da kaina na bar ta da abinta.

Darasi:

Ban ce ku daina bincike ba. Ni kaina ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Wanda zai kai ɗansa cikin baƙi dole ya buɗe ido.

Amma ku sani, duk yaron da kuka gani a ɗakin nan da gidansu ya zo, da tarbiyyarsu, da abin da ya kawo shi. Wani abin da kuka gani kuka kira alamar cuta, a garinsu shi ne ladabi.

Kuma mutumin da kuke yi wa kallon zargi, wataƙila tsoron da ya hana ku barci shi ya hana shi. Ku zauna a benci ɗaya ku tambayi juna kafin ku kai ƙara. Saura kaɗan mu mayar da yara biyu gida, ni da ita, kowace tana ganin ta tsare amana.

Ku tura wa duk wanda zai kai ɗa ko 'ya makaranta bana, musamman masu bin diddigi irina. In kuma a gidanku har yanzu akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari, ku tura wa ɗan farin, ya san ba rashin so ba ne.